Kiɗan da Ya Bar Kano Ba a Raɗa Masa Suna Ba

Kalmar faifai ta sha tafiya. Asalinta abin da mata ke saƙawa da kaba da ciyawa, a rufe ƙwaryar fura da shi, a yi bakace da shi. Da garmaho ya iso ƙasar Hausa, aka ga wani baƙin abu zagayayye yana juyawa a ƙarƙashin allura yana fitar da murya, ba a nemi izinin kowa ba aka ce faifan garmaho. Garmaho ya tafi, kaset ya zo ya yi zamaninsa, CD ya gaji sunan, yau ga shi har guntun hoton da aka turo maka a WhatsApp ana ce masa faifan bidiyo, alhali ba shi da faɗi balle zagaye. Jita ta sami suna, lasifika ta samu, rikoda ta samu. Shi ya sa abin yake ɗaure mini kai, a ce akwai kiɗan da aka yi shekaru ana yi a cikin Kano, har aka buga shi a faifai, masu tara tsofaffin faya-fayai a Turai suna nemansa ruwa a jallo, amma a bakin mutanen gari ba shi da suna.

Turawa suna ce masa rock. Wanda ya ɗauko ƙamus zai ce dutse, kuma a garin da ke da Dala da Gwauron Dutse da dutsen Bompai fassarar za ta yi daɗin faɗa, sai dai ba ta yi daidai ba. Kalmar a nan aikatau ce, ma'anarta girgiza ko rausaya, kuma daga bakin baƙar fatar Amurka ta fito kafin ta zama sunan kiɗan samari a shekarun 1950. Wajen ƙarshen shekarun 1960 wasu samarin Ingila suka ga waƙar minti uku ta yi musu kaɗan. Suka fara jan waƙa ɗaya ta kai minti goma, ta kai ashirin, su sauya bugu a tsakiyarta, su aro salo daga kiɗan gargajiyar Turai da na jaz, su tsara faifai sukutum a matsayin aiki ɗaya da ake so a saurara daga farko har ƙarshe. King Crimson ta fitar da faifanta na farko a 1969. Ƙungiyar Yes ta fitar da Close to the Edge a 1972, waƙa ɗaya ta cinye fuska guda ta faifan. Pink Floyd ta biyo da The Dark Side of the Moon a 1973. Wannan reshe shi aka laƙaba wa progressive rock, wato rok mai ci gaba.

Kano ta san kalmar progressive tun kafin Landan ta liƙa ta a jikin kiɗa. Ita ce harafin P a cikin sunan NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano a 1950. Amma mutanen Malam Aminu Kano da suka zo faɗar sunan jam'iyyarsu da Hausa ba su ce ci gaba ba, sai suka ce neman sawaba. Sun duba abin da talaka yake nema, suka bar abin da ƙamus ya ce. Na fi son hanyarsu, domin ci gaba kalma ce mai ɓoye tambaya: daga ina, zuwa ina? Ga samarin Ingila amsar a fili take, suna gudu ne daga filin rawa zuwa zauren da ake zama a kujera a yi tsit ana saurare. Makaɗan Afirka da suka riƙi jita ba nan suka dosa ba. Ko Osibisa, ƙungiyar 'yan Gana da 'yan Karebiyan da ta tashi a Landan a 1969, wadda Roger Dean ya zana wa giwaye masu fukafukai a bangon faifai kafin ya shahara da zanen bangon faya-fayan Yes, ba ta taɓa yarda ta rabu da masu rawa ba.

Jitar lantarki kuwa ba ta rayuwa sai inda akwai albashi. A Kano, masana'antu ne suka kawo albashin. Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa aka fara kafa injuna a can, na matse man gyaɗa, na saƙa, na turare, na alewa. Da kuɗin man fetur suka shigo aka buɗe Sharaɗa kashi-kashi, sannan Challawa, wadda ta ci sunan kogin da ke kusa da ita, ta zama matattarar majemu. Dubban mutane suna shiga aiki da jiniya su tashi da jiniya, wata ya ƙare a biya su. Akwai Hausawa, akwai mutanen Kudu da na tsakiyar Nijeriya da suka dawo ko suka zo bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, suna kwana a Sabon Gari da Birged da Tudun Wada da Gwagwarwa. Sai ga rahoton hukumar Jerome Udoji a 1974, aka yi ƙarin albashi har da biyan bashin watannin baya, ma'aikatan kamfanoni su ma suka ce ba za a bar su a baya ba. Sunan mutumin ya shiga Hausa ya zauna: kuɗin Udoji. Da su aka sayi babura da rediyo da rikoda, da su kuma aka biya kuɗin ƙofa a otal-otal ɗin Sabon Gari ranar Asabar da dare.

A irin waɗannan wurare ne ƙungiyar The Moonrakers ta yi tashe, daga cikinta kuma aka sami The Elcados, su Frank Martins da Tony Nosika da Rocky Mustapha. Zamanin ne Legas ke da BLO da Ofege da MonoMono, Aba ke da The Funkees, Paul McCartney ya zo ɗakin ɗaukar sauti na EMI a Apapa a 1973 ya yi aikin Band on the Run. Elcados su ne hannun Arewa a wannan kasuwa. Kamfanin EMI ya buga musu This World Is Full of Injustice, jita tana kuka da ƙarfi irin na yayin lokacin, sannan daga baya suka karkata ga kiɗan rawa zalla a faifan What Ever You Need. A 2008 kamfanin Soundway na Ingila ya tattara kiɗan rok na Nijeriya na shekarun 1970 a faifan Nigeria Rock Special, ya sa tasu a ciki mai suna "Ku Mi Da Hankan". Kunnena yana jin "komi da hankali" a cikin wannan suna, Hausa ce da ta bi ta hannun wanda yake jin ta a kasuwa amma bai taɓa ganin ta a rubuce ba. Ni wannan karkataccen rubutu ya fi mini kowane bayani nuna matsayin kiɗan a Kano. Yana cikin gari, yana ɗan jin yaren gari, amma baƙo ne.

Me mutanen birni suke ce masa? Kiɗan Turawa, ko da wanda ke riƙe da jitar baƙi ne wuluk. Kiɗan zamani, wanda suna ne da ba ya kama komai, tunda kowane zamani da nasa. Daga baya aka ce disko, aka haɗa rok da rege da duk abin da ke fita daga babbar lasifika aka zuba a ciki. Dattijo kuwa yana iya cewa badujala, domin kiɗan taron mutane da kayan Turawa da ya fara sani shi ne na soja da 'yan sanda. Duk waɗannan sunaye suna nuna mai abin ne ko wurin da ake yin sa. Babu wanda ya saurari kiɗan kansa.

Ba haka Bahaushe yake wa nasa kiɗan suna ba. Ko dai ya kira shi da abin kiɗan, ya ce kiɗan kalangu, kiɗan taushi, kiɗan kotso, kiɗan goge, ko ya kira shi da sana'ar da ake yi dominta, ya ce kiɗan noma, kiɗan fawa, kiɗan maƙera, kiɗan 'yan dambe. Kowace sana'a mai asali tana da makaɗanta, su ke kambama gwanayenta, su ke riƙe sunayen iyayen gidanta. To ina kiɗan masaƙar Bompai? Ina na majemar Challawa? Babu. Paul Lubeck, wanda ya yi bincike a kan ma'aikatan masana'antun Kano ya fitar da littafi a 1986, ya nuna da yawa daga Hausawan da ke aikin tsofaffin almajirai ne da gardawa da mutanen karkara, kuma burin akasarinsu su tara jari su koma kasuwanci. Aikin kamfani ba sana'ar gado ba ce da mutum zai so a yi masa kirari da ita. Lebura Bahaushe in ya karɓi albashi ya sayi kaset, na Shata zai saya, ko na Ɗan Maraya Jos da ya yi wa karen mota waƙa da ɗan kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya. In kuma dare ya yi yana son kiɗa mai zafi, ga kukuma an jona ta da lasifika, ga Garba Supa. Gurbin da jita za ta shiga, kukuma ta riga ta zauna a ciki. Abin dariya, kalmar da ta iya tsallake katangar ita ce wannan "supa" ɗin: tana jikin Garba Supa, tana jikin Super Elcados, sunan da Elcados suka taɓa ɗauka, tana jikin ƙungiyar Super Haské ta Damagaram.

Akwai kuma matsalar kalmar da za a kira taron makaɗan da ita. Muna cewa ƙungiya, amma ƙungiya ta 'yan kasuwa ce, ta direbobi ce, ta ƙwallo ce. A kiɗan Hausa taron ba shi da suna nasa na kansa, sunan maigida yake ɗauka. Akwai mawaƙi, akwai makaɗansa, akwai 'yan amshi, akwai sanƙira, dukkansu yaran wane ne. A ce samari huɗu ko biyar sun haɗu, babu uban tafiya, sun raɗa wa kansu suna irin na kamfani, wannan tsari ne da bai da gurbi a cikin al'adar roƙo da kyauta. Bala Miller, wanda gidansu na Zariya ne, ya gane haka, ya raba gardama: ya sa sunansa a gaba, ya biyo da sunan ƙungiya mai ɗauke da kalmar dala, irin dalar gyaɗa, ya kuma yi waƙoƙi da Hausa irin su "Ikon Allah". Shi ya sa har yau ake tuna shi a Arewa fiye da Elcados. Akwai kuma batun mai ɗaukar nauyi: a Bamako hukumar jirgin ƙasa ta ɗauki nauyin Rail Band tun 1970, tana biyan makaɗa albashi suna kiɗa a otal ɗin tasha. Masu kuɗin Kano ƙwallo suka zaɓa, har Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978.

Ƙarshen labarin a Kano gajere ne. Tsarin tsuke bakin aljihu na gwamnatin Babangida ya zo a 1986, Naira ta faɗi, wutar NEPA ta zama sai an gani, atamfar waje ta cika Kantin Kwari, masaƙu suka yi ta rufewa a Bompai da Sharaɗa. Wanda aka sallama ba ya biyan kuɗin ƙofa. Tsirkiyar jita da lasifika kuwa da kuɗin waje ake sayo su. Da finafinan Hausa suka kankama a shekarun 1990, fiyanon Yamaha guda ɗaya ya yi aikin mutum takwas, shi ne ganga, shi ne sarewa, shi ne jita. Wannan kiɗan nan da nan ya sami suna, har biyu ma: kiɗan fiyano, da kuma nanaye, wanda aka ɗauko daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali.

Sai an tsallaka iyaka ake ganin inda jita ta zauna da gindinta. Buzaye, waɗanda Kano ta fi sani da gadin gidaje da kamfanoni tun bayan farin shekarun 1970, suna da sunaye na kansu ga kiɗan jitarsu. Suna cewa assouf, wato kewa ko bege. Suna kuma cewa kiɗan ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marar aikin yi, domin samarin da fari ya kora zuwa Aljeriya da Libiya ne suka ƙirƙiro shi. Rashin aikin da ya kashe jita a Kano shi ya haife ta a Sahara. Mdou Moctar na yankin Tawa, wanda faifansa Afrique Victime ya sha yabo a 2021, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da muryar nan ta inji irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin waya waƙoƙin suka yaɗu. Wato har shi sai da ya bi ta ƙofar nanaye.

Amma in ana neman ƙungiya ta gaske a cikin duniyar masu jin Hausa, wadda ta girma daga faifai zuwa faifai har masu sharhi na waje suka fara auna ta da ma'aunin rok mai ci gaba, Tal National ce ta Yamai. Hamadal Issoufou Moumine, wanda aka fi sani da Almeida, shi ya kafa ta a 2000. Mutumin alƙali ne a kotu, ya taɓa buga ƙwallo, da dare kuma shi ne mai jita. Sunan ƙungiyar kashi biyu ne, kowanne da aikinsa. Tal hamada ce mai farin rairayi kusa da Gigimi a jihar Diffa, can ƙuryar gabas, nesa da Yamai. Rabi na biyu kuma gado ne daga zamanin da ƙasashe renon Faransa ke da makaɗan gwamnati, irin su Bembeya Jazz National ta Gini a mulkin Sékou Touré. Sai dai Tal ba ta gwamnati ba ce. Ƙasar da take nufi tana cikin mutanenta: Zabarmawa, Hausawa, Fulani, Buzaye, kowa da harshensa da bugun garinsu, waƙa tana iya farawa da wannan harshe ta ƙare da wancan.

Yadda suka goge ba asiri ba ne, aiki ne. Dare biyar a mako suna kiɗa a Yamai, kowane dare kusan sa'a biyar, ban da bukukuwan aure da suna. Mutanen sun yi yawa har ana raba su biyu, rabi su tafi wannan wasa, rabi su tafi wancan, wannan ya gaji ya miƙa wa wancan jita kiɗa bai tsaya ba. Faya-fayansu da hannu suke sayarwa a shatale-talen birni, tunda babu kamfanin da zai rarraba musu. Faifan A-Na Waya ya karɓu a gida ƙwarai. Tun a wajen ɗaukar wannan faifan Almeida ya yi lissafi ya ga ya fi sauƙi a ɗauko mai ɗaukar sauti da kayansa daga waje a kan a kwashi ƙungiya guda a kai ta wata ƙasa. Haka Jamie Carter na Shikago ya riƙa zuwa Yamai. A 2011 suka ɗauki Kaani, kamfanin FatCat na Brighton ya fitar da shi ga duniya a 2013, har ya shiga jerin faya-fayai goma na shekara da wani mai sharhin jaridar New York Times ya zaɓa. Bahaushe in ya ga sunan zai zaci ƙani ake nufi, amma Zabarmanci ne, daga tushen da ke nufin daɗi. Hausa tana ciki duk da haka, ɗaya daga waƙoƙin sunanta "Sarkin Fada".

Abin da ya ɗauki hankalin masu sharhi a Amurka da Ingila shi ne bugu. Jita biyu suna tafiya da gudu, kowace da hanyarta, ba sa karo. Ganguna suna ƙirga uku a inda jita ke ƙirga biyu. Ana cikin tafiya sai kiɗan ya juya gaba ɗaya a lokaci guda, babu wanda ya yi tuntuɓe. Su a wurinsu wannan shi ne alamar rok mai ci gaba, wasu ma suka ce rok na lissafi, domin a can sai an zauna an tsara irin wannan da gangan. Wanda ya tashi yana jin kalangu kuwa ba zai ga lissafi ba. Zai ji mai kalangu ya matse tsarkiya a hammata ya canja take saboda wani ya shigo fili, sauran makaɗa suka bi shi, abin da ake yi a kowane gidan biki. Kalangun ma yana nan a cikin Tal National, kafaɗa da kafaɗa da gangunan Turawa. Girman ƙungiyar bai zo ta hanyar nisantar kiɗan gida ba. Jitar ce aka yi ta horarwa dare bayan dare har ta koyi abin da kalangu da molo da goge suka daɗe da sani. In dole sai an fassara wannan da Hausa, ni gogewa zan ce, in bar ci gaba ga 'yan siyasa.

Saura sunan abin da suka fitar. 'Yan jarida suna rubuta kundin waƙoƙi, samari suna cewa albam. Kundi kalma ce ta malamai, tarin takardun da mutum ya haɗa a tsawon rayuwarsa ya ɗaure a gafaka, kuma ta dace da tarin waƙoƙi, amma ba ta ɗauke da ma'anar fifiko. Mai ɗauke da wannan ma'ana ita ce bakandamiya. Narambaɗa yana da tasa, Shata yana da tasa, har kalmar ta fita daga waƙa ta zama sunan duk aikin da mutum ya fi gwaninta a kai. Sai dai akwai bambanci babba. Bakandamiyar Shata ba ta da siffa ɗaya. Ya yi ta sau da yawa, kowane yi da ƙari da ragi, garuruwan da ya je da abin da ya gani suna shiga, ta yi ta girma tare da shi har ya rasu a 1999. Faifai kuwa rana ɗaya ake rufe shi, ko da wani ya yi kuskuren bugu haka zai tabbata. Saboda haka wanda ya ce Kaani ce bakandamiyar Tal National ya faɗi gaskiyar kasuwar waje, inda faifai shi ne aikin. A Yamai waƙoƙin nan guntaye ne da aka yanko daga daren sa'a biyar, kuma gobe da dare za a sake yin su ta wata hanya.

Bayan Kaani sun fitar da Zoy Zoy a 2015, sannan na 2018, wanda ya fi duka zafi da gudu, aka bar sautinsa da ɗanyensa ba a goge shi sosai ba. Akwai masu fifita shi a kan Kaani, kuma hujjarsu ba ta da rauni, domin shi ya fi kusa da abin da ake ji in ƙungiyar tana wasa a gaban jama'a. Sunansa Tantabara, da Hausa tsantsa, kuma a wannan karon an rubuta kalmar daidai a bangon faifai.